Yadda ake kai editan rubutu sabon dandali, har cikin burauza

Da yawa daga cikin masu koyon kod a Maradi, ko ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ƴan ƙananan cibiyoyin horo na cikin gari, waya ce abin aikinsu. Wanda ya samu kwamfuta kuma sau da yawa ta aro ce, ko ta siber, inda mai wurin ba zai yarda ka girka masa komai ba. Editan da yake buɗewa cikin burauza, ya ci gaba da aiki ko forfe ya ƙare, ya fi musu amfani da wanda sai an sauke an girka. Wannan jagora na wanda ya iya C daidai gwargwado ne, yana kuma son ɗaukar editan da ake da shi ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba.

Editan da nake nufi shi ne irin mai karɓar ƙari: ƙaramar cibiya da aka rubuta da C, sai wani harshe a cikinta da mai amfani yake rubuta nasa umarnin. GNU Emacs, wanda Richard Stallman ya fitar a 1985, yana da Emacs Lisp. Vim na Bram Moolenaar ya fito a 1991, kuma a kan Amiga ya fara kafin ya bazu. Neovim, da ya balle daga Vim a 2014, ya ɗauki Lua. Lite XL ma Lua ne, a kan ƴar cibiyar C. Dukansu matsalarsu ɗaya idan za a kai su sabon wuri: aikin gyaran rubutun kansa ba ruwansa da dandali, abin da yake maƙalewa shi ne wuraren da editan yake taɓa na'ura.

Zaɓen wanda za ka fara da shi

Kada ka fara da Emacs. Ba don ba ya ƙaura ba, ai a 2025 Emacs 30 ya fito da goyon bayan Android. Amma burauza wani abu ne daban. Mai share shara na Emacs, wato sashen da ke ƙwato memorin da aka gama amfani da shi, yana leƙa tarin kiran C yana neman duk abin da ya yi kama da adireshin wani abu na Lisp. A WebAssembly, wato tsarin da ake juya shirin C zuwa gare shi don ya yi aiki cikin burauza, ƙananan ma'ajiyun aiki ba sa zama inda shirin zai iya leƙa su, sai mai sharar ya kwashe abin da ake kan amfani da shi. Wannan kaɗai ya isa ya cinye maka watanni.

Ka nemi edita ƙarami mai C da Lua, wanda yake zane ta SDL, wato tarin kod na C mai buɗe taga da karɓar maɓallai. Da shi zan yi misali. Ka duba lasisinsa tun yanzu: MIT ba ta da wahala, GPL kuwa tana wajabta maka ka saki kod ɗinka ga duk wanda ka ba shirin, kuma sa shi a shafin intanet don mutane su sauke cikin burauzarsu rabawa ne.

Ƙidayar ƙofofi

Kafin ka canza ko layi ɗaya, ka bi kod ɗin da grep ka fito da duk inda yake magana da tsarin na'ura. Ka nemi fork, exec, popen, select, poll, signal, dlopen, ioctl, termios, stat, opendir, da kowane #ifdef mai ɗauke da _WIN32 ko __APPLE__ ko __linux__. Ka rubuta su a takarda, kowanne da abin da yake yi wa mai amfani. Za ka ga sun taru a gidaje kaɗan: zane, maɓallai da linzami, fayiloli, agogo da jira, allon kwafi, da tayar da wasu shirye-shirye.

Sai ka tattara su bayan fayil ɗaya, a ce dandali.h, mai ɗauke da sunayen ayyuka kawai: buɗe taga, kawo abin da ya faru, zana harafi, karanta fayil, nawa ne lokaci. Cibiyar edita ba za ta ƙara kiran komai na waje kai tsaye ba sai ta wannan ƙofa. Kowane dandali ya samu fayil nasa da ke cika alkawuran. Aikin yana da gundura, kuma babu abin nuna wa abokai bayan an gama shi, amma wanda ya tsallake shi zai tarar da #ifdef ta cika kowane lungu, gyaran burauza yana karya Windows.

Na fi son dandalin farko da za ka rubuta ya zama marar fuska gaba ɗaya: yana karanta maɓallai daga fayil, yana zuba abin da ke allo cikin wani fayil. Da shi za ka gwada cibiyar a ko'ina, ka kuma gane ko laifin na cibiya ne ko na sabon wurin.

Windows da Termux, a taƙaice

Idan daga Linux ka taso, ka gwada Windows kafin burauza, don ita ce ke kwamfutocin siber da ofisoshi. Abubuwa uku za su tare ka: ƙarshen layi mai CRLF, sandar raba hanya da ta juya baya, da sunayen fayil da sai ka mayar da su UTF-16 ka kira _wfopen, in ba haka ba fayil mai suna ƙasida.txt ba zai buɗe ba. A Android kuma hanya mafi sauƙi ita ce Termux, shirin da ke buɗe tashar umarni a waya, inda clang da make suke aiki kamar a Linux. In editan yana da fuskar tasha ta ncurses, kusan harhaɗawa kawai zai buƙata.

Kayan aikin burauza

WebAssembly ya shiga manyan burauzoji a 2017, W3C ta tabbatar da shi a Disamban 2019. Mai juya C zuwa gare shi shi ne Emscripten, aikin da Alon Zakai ya fara. Ka sauke emsdk, ka buga ./emsdk install latest, sannan ./emsdk activate latest, sannan source ./emsdk_env.sh. Saukewar tana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, don haka ka yi ta inda akwai wifi, ka kwafe babban fayil ɗin a kile don abokan aikinka. Ka rubuta lambar sigar da ka girka ka tsaya a kanta har ka gama.

Mai amfani da CMake zai buga emcmake cmake, mai configure zai buga emconfigure ./configure sannan emmake make. SDL da FreeType mai zana haruffa ba sai ka harhaɗa su da kanka ba, -sUSE_SDL=2 da -sUSE_FREETYPE=1 sun wadatar. Fayilolin Lua da haruffan editan ka cusa su da --preload-file. Ka ƙara -sALLOW_MEMORY_GROWTH don kada babban fayil ya kashe shirin. Za ka samu .wasm da .js da .data. Danna shafin sau biyu daga cikin kwamfuta ba zai yi ba, sai ta saba, wato shirin da ke miƙa wa burauza shafi: python3 -m http.server ko emrun.

Karo na farko da za ka buɗe, shafin zai daskare. Haka ya kamata ya yi.

Burauza ba ta yarda da jira

Nan ne ainihin aikin. Editan kwamfuta kamar mai shago ne a babbar kasuwa: ya zauna bakin ƙofa, ba ya motsi sai mai saye ya zo, ya sallame shi ya koma ya zauna. A kod, wannan zagaye ne marar ƙarshe da ke tsayawa kan select ko SDL_WaitEvent. Burauza kuwa zare ɗaya take amfani da shi wajen gudanar da kod ɗinka da zana shafi da karɓar maɓallai. Muddin kod ɗinka bai dawo ba, ba za ta zana komai ba, maɓallin da kake jira ma ba zai iso ba, don kai ne ka tare masa hanya.

Hanyoyin fita uku ne, kuma ba daidai suke ba.

Ta farko ita ce ka warware zagayen. Ka ciro abin da ke cikinsa ya zama aiki ɗaya mai yin taki guda ya dawo, ka miƙa shi ga emscripten_set_main_loop, burauza ta riƙa kiransa duk lokacin da za ta sabunta allo. Ita ce mafi tsabta da sauri, fayil ɗin ma bai kumbura. Matsalar ita ce editoci masu ƙari ba a wuri ɗaya suke jira ba. Ka tuna Vim: ka danna r, sai ya tsaya can cikin aikin karanta umarni yana jiran harafi na biyu. Ko wani ƙari ya tambaye ka "a adana?" ya tsaya sai ka amsa. Kowane irin wannan wuri sai ka sake masa gini ya tuna inda ya tsaya. Idan zagayen a Lua yake, kamar na Lite XL, akwai dabara: ka sa shi cikin coroutine, wato aikin da zai iya dakatawa ya ci gaba daga baya, duk inda zai jira ya yi yield, ɓangaren C ya tashe shi a taki na gaba. Sai dai yield ba ya ratsa aikin C da ya kira Lua, sai an rubuta shi da lua_callk ko lua_pcallk.

Ta biyu ita ce Asyncify. Ka ƙara -sASYNCIFY, ka sa emscripten_sleep a inda ake jira. Emscripten zai sake rubuta shirin yadda zai iya naɗe duk tarin kiransa ya ajiye, ya ba burauza wuri, ya dawo ya shimfiɗa ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Cikin yini ɗaya za ka ga editanka yana motsi. Kuɗinta shi ne fayil ya ƙara girma, gudu ya ragu, kuma a editan da ke da mai fassara a ciki abin ya fi tsanani, don kusan kowane aiki yana iya kaiwa ga jira. Idan ka ga shirin ya mutu a tsakiyar kira mai zurfi, ka ɗaga ASYNCIFY_STACK_SIZE. Akwai sabuwar hanya mai suna JSPI da ke yin wannan a cikin burauzar kanta, amma tsofaffin wayoyin da ke hannun mutanenmu ba su san ta ba.

Ta uku ita ce ka kai editan wani zare daban, Web Worker, inda aka halatta jira. Shafin yana karɓar maɓalli ya rubuta shi a SharedArrayBuffer, wani yankin memori da shafin da editan suke gani tare, editan yana kwance kan Atomics.wait har a tashe shi. Haka vim.wasm, Vim ɗin da aka kai burauza, ya yi, kuma -sPROXY_TO_PTHREAD tare da -pthread yana shirya maka irin wannan. Kod ɗin asali kusan ba a taɓa shi. Amma tun da aka bayyana raunin tsaro mai suna Spectre a farkon 2018 aka rufe SharedArrayBuffer, yanzu ba ya buɗewa sai shafin yana kan HTTPS kuma saba tana aiko da kanun nan biyu: Cross-Origin-Opener-Policy: same-origin da Cross-Origin-Embedder-Policy: require-corp. Wasu masaukan kyauta, irin GitHub Pages, ba sa ba ka damar sa kanu. Ka bincika masaukinka tun kafin ka zaɓi wannan hanya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni shawarata: ka fara da Asyncify don ka ga sauran matsalolin da wuri, in komai ya zauna ka koma ka warware zagayen. Kuma kowace ka bi, kada editan ya riƙa zana allo sau 60 a daƙiƙa alhali ba abin da ya canza. Batirin waya ne yake tafiya, a garin da ba kullum kuran yake nan ba.

Inda rubutu zai kwana

Fayilolin da Emscripten yake nuna wa shirinka a memori suke, ana rufe shafi sun tafi. Don su daɗe, ka haɗa da -lidbfs.js, ka yi FS.mkdir('/gida'), ka ɗora IDBFS, mai kai fayiloli ajiyar burauza, a kai da FS.mount. Lokacin tashi ka kira FS.syncfs da true don a ɗebo abin da ke ajiye, kuma kada editan ya fara sai an gama, in ba haka ba zai tashi bai ga saitin mai shi ba. Bayan kowane adanawa ka kira shi da false. Wanda ya manta wannan kira na biyu, editan zai ce ya adana, gobe a tarar da wayam.

Ko an yi duka daidai, ajiyar burauza ba amana ba ce. Waya in ta cika tana iya share ta, navigator.storage.persist() roƙo ne kawai. A siber kuma matsalar ta juye: rubutunka yana nan, wanda ya zauna bayanka zai karanta. Don haka ka sa maɓallai biyu manya a fili, na sauke fayil zuwa na'ura da na ɗauko shi, da na uku mai goge komai. showOpenFilePicker yana ba da damar rubutawa kai tsaye cikin fayil na gaske, amma dangin Chrome ne suke da shi, Firefox da Safari babu, don haka kada ka dogara da shi shi kaɗai.

Kibod, da haruffanmu masu lanƙwasa

Kwamfutocin Maradi kashi biyu ne: masu AZERTY na tsarin Faransa, da masu QWERTY da ke shigowa ta Jibiya da Dan Issa. Burauza tana ba ka event.code, wato mazaunin maɓalli, da event.key, wato harafin da ya fito. A AZERTY maɓallin da aka rubuta wa A yana ba da KeyQ. In ka ɗaura gajerun umarni kan code, sai mai son zaɓar duka rubutu da Ctrl+A ya ga editan yana shirin fita. Ka yi amfani da key. Sannan bakan { da [ a AZERTY sai da AltGr, wanda Windows take nunawa kamar an danna Ctrl da Alt tare. Ka duba getModifierState("AltGraph") kafin ka ɗauke shi umarni, in ba haka ba mai rubuta C ba zai iya buɗe baka ba. Maɓallin ^ kuma yana zuwa da sunan Dead, yana jiran wasalin da zai hau.

Wasu maɓallan ba naka ba ne ko kaɗan. Ctrl+W da Ctrl+T da Ctrl+N burauza ta riƙe su, preventDefault ba ya ƙwato su a shafi na yau da kullum. Mai Vim da ya saba Ctrl+W don sauya taga zai rufe shafin ne gaba ɗaya. Ka ba su wasu maɓallan, ka kuma sa beforeunload ya yi tambaya in akwai abin da ba a adana ba.

A waya keydown kusan ba ya faɗin komai, kibod na Android yakan aiko da 229 ga kowane harafi. Maganin shi ne ɓoyayyen textarea da ke riƙe da hankalin kibod, kana karanta beforeinput da compositionend kana tura wa editan rubutun. Ka kashe gyaran kalma da babban harafin farko a kansa. Ka yi amfani da visualViewport don sanin inda kibod ya rufe, ka kuma ƙara layin maɓallai na Esc, Tab, Ctrl da kibiyoyi, don kibod na waya ba shi da su.

Yanzu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kowanne bait biyu ne a UTF-8: ƙ shi ne C6 99, ɗ kuma C9 97. Kalmar ƙasa haruffa 4 ce a JavaScript, amma # na Lua zai ce 5, sai utf8.len ne zai ce 4. Duk inda shafi da cibiya suke musayar matsayin alamar rubutu, ka tsayar da ma'auni ɗaya ka riƙa juyawa a bakin ƙofa. Gwajin yana da sauƙi: rubuta ɗan ƙanƙane, ka koma baya da kibiya harafi-harafi, ka goge ƙ ta tsakiya. In wani baƙin akwati ya fito, rabin harafi aka goge. string.upper na Lua ma ba ya mayar da ƙ ta zama Ƙ, sai ka rubuta naka teburin.

Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano kuwa 'y. Editan da ke rufe alamar zance da kansa zai ƙara wa mai rubuta 'ya'ya wata alamar duk lokacin da ya fara, kuma tsallen kalma zai yanka ta gida-gida. Ka kashe wannan a fayilolin rubutu zalla, bincike kuma ya iya ɗaukar ƴ da 'y abu ɗaya in an so.

Sai zanen harafin. Da FreeType kake zane, ba haruffan wayar za a ara maka ba, abin da ka cusa shi ne kawai. Noto Sans Mono yana da namu. In za ka rage masa nauyi da pyftsubset, ka kula: yankan da aka saba yi wa harsunan Turai yana tsayawa a U+00FF, namu kuwa suna sama, U+0181, U+018A, U+0198, U+0199, U+01B3, U+01B4, U+0253 da U+0257. Ka lissafa su da hannu. Ka ninka girman allon zane da devicePixelRatio don kada rubutu ya yi hazo. Ajami kuwa aiki ne mai zaman kansa, yana buƙatar HarfBuzz don haɗa haruffa da FriBidi don tafiya daga dama. In malaman zaure na cikin waɗanda kake yi wa aikin, ya fi sauƙi ka bar burauza ta yi zanen da kanta maimakon canvas.

Ƙare-ƙaren da za su bi ka, da waɗanda za su tsaya

LuaJIT, wani injin Lua mai sauri, ba ya aiki a WebAssembly, don shi kod ɗin na'ura yake ƙerawa nan take. Sai ka koma Lua na asali, ƙarin da ya dogara da ffi kuwa ya tsaya. Lua yana kama kuskure da setjmp da longjmp, Emscripten yana goyon bayansu, amma ka gwada pcall da wuri, musamman haɗe da Asyncify. Tarin kira ma ƙarami ne a sababbin sigogi, kilobait 64, don haka ka ɗaga -sSTACK_SIZE kafin mai canza launin kod ya nutse ya rushe shirin ba bayani.

Babu fork, babu exec. Duk ƙarin da ke kiran git ko gcc ko grep ba zai samu kowa ba. Kada ka bar su su fashe: ka ba Lua wani tebur da ke faɗin abin da dandalin ya iya, ƙari ya tambaya "akwai tayar da shiri?" maimakon "wane dandali ne wannan?". Haka za ka ga ƙarin da aka gyara don burauza ya yi aiki a wani wurin da ba ka yi tunani ba tukuna. Allon kwafi ma ya zama na jira, navigator.clipboard yana buƙatar HTTPS da taɓawar mutum, don haka liƙawa ta fi sauƙi ta hanyar paste na ɓoyayyen textarea ɗin nan.

In aikin ba ya yiwuwa sai da gcc na gaske, akwai wata hanyar: editan ya zauna a kwamfuta ɗaya, burauza ta zama fuska kawai. Neovim an gina shi don haka, da nvim --embed yana aiko da umarnin zane ta msgpack. A ɗakin horo mai kwamfuta ɗaya da wifi na cikin gida wannan yana da kyau, ko babu intanet. A kan rezon waya kuwa kowane harafi sai ya je ya dawo.

Nauyi, da aiki ba rezo

Ka harhaɗa da -Oz, ka sa saba ta matse da brotli ko gzip, ka tabbatar tana aiko da .wasm da nau'in application/wasm. Ka cire ƙare-ƙaren da ba kowa ke buƙata ba daga .data, a sauke su in an nema. Sannan ka rubuta service worker, ɗan kod da burauza ke gudanarwa a bayan shafi, da zai ajiye fayilolin a buɗewar farko, da manifest don a iya sa editan a fuskar waya. Ka sa lambar siga a sunan ma'ajiyar, don .js sabo da .wasm tsoho in sun haɗu ba sa tashi.

Gwajin ƙarshe kada ka yi shi a kwamfutarka. Ka ari waya mai memori gigabait 2, ka buɗe shafin, ka sa ta a yanayin jirgi, ka rufe burauza ka sake buɗewa. Ka rubuta sakin layi da Gboard na Hausa, ka fita zuwa WhatsApp ka daɗe, ka dawo. Android takan kashe shafin da ke baya ba sallama, don haka ka sa editan ya adana a visibilitychange, lokacin da shafin ya ɓuya. In kana son ganin kurakuran, ka haɗa wayar da kebul ka buɗe chrome://inspect a kwamfuta.